Rigimar manya, hasarar ƴan mata

Ɗan kasuwar Dakoro mai bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina ya fi sanin Nijeriya ta wajen farashin naira. To, ga wani labarinta da ya cancanci zama a rumfa. A shekara ta 2024, D'Tigress, ƙungiyar matan ƙasar ta ƙwallon kwando, ta doke Ostiraliya da Kanada a wasannin Olampik na Paris, ta shiga sahun takwas na ƙarshe. Babu ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, da ta riga ta kai nan.

Amma ma'aikacin da ke riƙe da tambari a biro, shekara ta 2022 ya kamata ya duba. Shugabannin hukumar wasan suna jayayya a kan kujera, sai gwamnati ta janye ƙasar daga gasannin waje. Kafin a soke matakin, an riga an miƙa wa Mali gurbinsu na kofin duniya a Sidni, gurbin da suka samu da guminsu. Laifin na manya ne, ƴan matan ne suka zauna gida.

A 2025, a Abijan, suka gamu da Malin a wasan ƙarshe, suka ci ta 78 da 64, kofin Afirka na biyar a jere.