Zuwa ga likitocin haƙori: ku koyar da hannun da ke goge bakin

Maganata a kan masu shanyewar gaɓoɓi ce, waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni tun suna ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon ƙuruciya. Lalurar tana samun kusan jarirai 2 cikin 1,000, kuma a ƙasashenmu doguwar naƙuda da shawarar jarirai da sanƙarau suna cikin manyan masu jawo ta. Galibi ba a kawo muku su sai dasashi ya kumbura yana jini, baki yana wari, yaro ya ƙi abinci. Sai a kankare, a cire abin cirewa, a sallame su. A ganina wannan shi ne ƙaramin ɓangaren aikinku. Babban shi ne horar da wanda zai goge bakin nan safe da dare.

Hujjata tsohuwa ce, kun kuma san ta. A 1965 Harald Löe da abokan aikinsa a Denmak suka sa masu lafiyayyen baki su daina gogewa. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa kuwa ya warke cikin kusan mako guda. Ke nan dauɗar da ke manne a gindin haƙori ce mai laifi, lalurar ba ta taɓa dasashi da kanta. Abin da take yi shi ne tare hanyar tsafta. Hannu ba ya iya sarrafa burushi, muƙamuƙi yakan datse da zarar an taɓa baki, harshe ba ya share ragowar abinci daga kumatu. Ga numfashi ta baki yana busar da dasashin gaba, ga kunu da koko masu sukari, ga magungunan ruwa masu zaƙi da ake sha har da daddare. Kankarewarku tana da amfani, amma dauɗar takan fara dawowa tun kafin su kwana.

Wani zai ce ai magani ne ke kumbura dasashin, ba ƙazanta ba. Da gaskiyarsa, amma rabi. Kusan ɗaya cikin uku na masu lalurar suna da farfaɗiya, kuma tun 1939 aka gano cewa fenitoyin yana sa dasashi ya yi tsiro har ya rufe haƙora, a wajen kusan rabin masu shansa. Sai dai tsiron ya fi muni a bakin da dauɗa ta taru, kuma idan an yanke shi ba a gyara tsafta ba, dawowa yake yi. Ku rubuta wa likitan da ya ɗora yaron a kan maganin ya duba ko da wanda zai maye gurbinsa, ku kuma ja kunnen iyaye kada su dakatar da shi da kansu, don farfaɗiya ta fi kumburin dasashi haɗari.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na lokaci: layi ya yi tsawo, yaro ba ya buɗe baki, uwa kuma ta riga ta gaji da goyo da ciyarwa da wanki, ta yaya za a ƙara mata? Ai dama tana gwadawa, cizo ne da jini suka sa ta haƙura. Ba nasiha take bukata ba, dabara take nema. Ku nuna mata yadda za ta zauna a bayansa, ta jingina kansa a ƙirjinta, haɓa ta ɗan sunkuya don kada ya sarƙe. Ta sa tsabtataccen ƙyalle da aka naɗe tsakanin turame maimakon yatsanta, ta yi amfani da ƙaramin burushi mai laushi da ɗigon man goge baki mai fuloraid, ta share kumfa tunda ba ya iya tofarwa. Ku faɗa mata ƙarara cewa jini ba dalilin dainawa ba ne, raguwa yake yi idan an dage. Sannan ku miƙa mata burushin ta yi a gabanku, don gani ga wane bai isa koyo ba. Wanda kuma hannunsa ke ɗan aiki, a kaurara masa mariƙin burushi ya goge da kansa, a yi magana da shi kai tsaye. Da yawansu hankalinsu garau yake, furuci ne ke ba su wuya.

Abin bai tsaya a baki ba. Mai wahalar haɗiya yawunsa yakan zarce huhu da ƙwayoyin cutar da ke cikinsa, kuma ciwon huhu na kan gaba wajen ajalin waɗanda lalurarsu ta yi tsanani. Binciken da aka buga a 2002 kan gidajen kula da tsofaffi 11 a Japan ya nuna tsaftace baki a kai a kai ya rage nimoniya. Tsofaffi ne, ba yara ba, amma hanyar cutar ɗaya ce.

Kada ku jira su a ɗakinku. Sashen gashin ƙashi da asibitin masu farfaɗiya ne suke zuwa a kai a kai. Ku nemi a ba ɗayanku kujera a can ranar da suke taruwa, ya duba baki tun fitowar haƙorin farko.