KIWON LAHIYA: Tramol da ciwon kwankwaso



Wannan wata zancenmu bisa ƙwayar tramol ne. Masu noma da masu jan ruwa a rijiya suna shan ta don kashe ciwo da gajiya. Ta likita miligaram 50 ce ko 100. Ta ƴan tebur har 225 take kai.

Ƙashi yana da rai, jini ke ciyar da shi. In jini ya bar kai ga kan ƙashin cinya, sai wurin ya mutu, ya lotsa, mutum ya kama ɗingishi. Likitoci sun san masu kawo haka: ciwon sikila, yawan shan ƙwayar ƙiba, yawan giya, karaya ko gocewar kwankwaso.

To, ina laihin tramol? Ciwo ɗan aike ne. Tramol ruhe bakin ɗan aiken take yi, ba ta gyara ƙashi. Mutum ya sha, ya koma gona, yana taka ƙahwar da ke lalacewa. Ranar da zai je likita, magani ya koma hiɗa. Kuma tana kama jiki, yawanta na kada mutum kamar mai hwarhwaɗiya.

In ciwon kwankwaso ya daɗe, a je likitar Dakoro a nemi hoton ƙashi. In abin ya hi ƙarhinsu, su tura mutum Maradi.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma maƙwabcinsa. Sai wata mai zuwa.