Wa Ke Shiga Ɗakin Matsin Iska Da Majiyyaci?

Mu ɗalibai, in muka tashi kuka a kan asibitocinmu, na'urori muke lissafawa: babu wannan, babu waccan. Da wuya ka ji wani ya tambayi wanda zai tsaya a kansu. To, ga wani irin magani da ya isa ya gyara mana tunani.

Akwai wani ɗakin ƙarfe da ake rufe majiyyaci a ciki, a ƙara matsin iska ya kai ninki 2 ko 3 na iskar waje, ya yi ta shaƙar tsantsar oksijin har wajen minti 90. Matsin nan ne ke narkar da oksijin cikin ruwan jini, ya isa naman da ke neman mutuwa. Da shi ake ceton masu nutso a teku da suka taso da gaggawa, da wanda ya shaƙi hayaƙin gawayi ko na janareta a rufaffen ɗaki, da mai ciwon sukari da gyambonsa ya ƙi warkewa. Biyun ƙarshe kuwa ba baƙi ba ne a gidajenmu.

Likita ke rubuta magani, amma a manyan ɗakunan da ke ɗaukar mutane da yawa, nas ce ake kulle ƙofa da ita a ciki. Ita ke koya wa majiyyaci yawan haɗiye yawu don kada dodon kunnensa ya fashe. Ita ke auna sukari kafin a shiga, domin yakan faɗi, kuma ita ke cire abin shaƙa in oksijin ya jawo farfaɗiya. Ƙofar ba ta buɗuwa nan take, sai an sauke matsin a hankali. Ita kanta, da yake iska mai matsi take shaƙa, ciwon masu nutso na iya kama ta.

Akwai kuma laluben aljihu, aikin da masu digiri za su rena. A 1997, a wani asibiti a Milan ta Italiya, an shiga ɗakin da abin ɗumama hannu, wuta ta tashi, mutum 11 suka rasu, har da nas ɗaya. Shi ya sa ake hana ashana, da man shafawa, da waya, da tufar da ba ta auduga ba.

'Yan'uwanmu da ke ma'aikatun lafiya, ran da takardar sayen irin wannan ɗaki ta iso teburinku, ku duba ko an ware kuɗin horar da nas-nas da alawus ɗin haɗarin da za su shiga. In babu, ku mayar da takardar a sako su.