Ƙusar gyaran haƙori ba ta kowa ba ce

Iyaye sukan tambaye ni maganin haƙoran gaba da suka turo waje. A birni, likitan haƙori yakan kafa 'yar ƙusar titaniyom, da wuya tsawonta ya wuce santimita 1, a ƙashin muƙamuƙi. Ita ce turke: daga jikinta roba ke jan haƙoran zuwa baya sannu a hankali, in an gama a cire ta.

Aikin yana da kyau. Amma ba na ba wa na nesa shawarar yin sa, sai in zai iya komawa kusan kowane wata, har shekara 1 ko 2. In ba a goge wurin kullum, dasashi ya kumbura, ƙusar ta fara girgiɗa, kuɗin akuya ya tafi a banza. Ku fara lissafa kuɗin mota tukuna, har da na damina.