Diyyar ma'aikata: Ko likita zai iya auna rauni daga nesa?

Da zarar an fara kai auduga injinan gurza a yankin Funtua da Malumfashi, aiki kan ƙaru, haka ma haɗurra: yatsa a bakin inji, ciwon baya wajen dakon dila, da tarin da ƙurar auduga ke haddasawa.

Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ta tanadi haƙƙin irin waɗannan mutane. Mai kamfani zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa a asusun hukumar NSITF, wadda ita ke biyan diyyar. Ma'aikaci na da kwanaki 14 ya sanar da ubangidansa, shi kuma ubangidan kwanaki 7 ya sanar da hukumar.

Sai dai komai ya rataya ne a kan rahoton likita. Shi ke nuna girman naƙasar, kuma wanda ya naƙasa baki ɗaya na iya samun kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata.

Ga ma'aikacin da ke Malumfashi, ganin ƙwararren likitan ƙashi kan nufi tafiya Katsina, ko Shika da ke Zariya, ko asibitin Dala a Kano. Kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa mutum ya haƙura, musamman wanda albashinsa ya tsaya.

Wannan ne ya sa tunanin duba mai rauni ta hoton bidiyo ke da jan hankali.

An gwada hakan a Amurka. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, jihar Kalifoniya ta amince a yi wasu binciken diyya daga nesa, amma bisa sharaɗin cewa lamarin ba ya buƙatar likita ya taɓa jikin mutum.

A nan gizo ke saƙar. Kyamara za ta nuna yatsan da ya guntule, za ta kuma taimaka wajen jin bayanin mai rauni da duba hoton ƙashi. Amma ba za ta auna ƙarfin damƙar hannu ba, ba ta san inda fata ta daina jin taɓi ba. Cutar huhu da ƙurar auduga ke jawowa kuwa sai mutum ya hura na'urar gwajin numfashi.

Idan likita ya rage ƙiyasin naƙasa saboda abin da bai gani ba, ma'aikacin ne zai yi shekaru yana karɓar abin da bai kai haƙƙinsa ba.

Akwai kuma batun sadarwa. Shirin gwaji na duba marasa lafiya daga nesa da Najeriya ta fara a 2007, wanda ya haɗa asibitocin koyarwa na Ibadan da Maiduguri, ya dogara ne da tauraron ɗan'adam na NigComSat-1, wanda ya lalace a watan Nuwamban 2008. A watan Satumban 2021 kuma an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Funtua da Malumfashi.

Abin da ya fi kusa da yiwuwa shi ne a raba aikin: likitan babban asibitin Malumfashi ya yi gwajin da hannunsa, ƙwararre a Kano ko Zariya yana kallo yana ba da umarni, sannan su duka su sa hannu a rahoton.

Ko da an yi hakan, waɗanda ke cikin rajistar NSITF ne kawai za su amfana. Ɗan ƙwadagon da maganin feshi ya ƙona a gonar masara, ko wanda injin sussuka ya cinye wa hannu, galibi ba shi da takardar ɗaukar aiki, ballantana wani ya zuba kuɗi a asusu da sunansa.