Bakin Tsuntsu da Giredin Aikatau

'Yan'uwana ɗalibai, da yawanmu muna gudun kimiyyar halittu, wai ba ruwan mai nazarin harshe da ita. Ni dai ban yarda ba.

Ku dubi tsuntsayen da Darwin ya tattaro a tsibiran Galafagos a 1835. Wasu bakinsu kakkaura ne na fasa ƙwaya, wasu kuwa siriri na tsintar ƙwari. A 2004 masana a Jami'ar Harvard ta Amurka suka gano cewa wata ƙwayar gado mai suna Bmp4 na da hannu a kaurin bakin. Da suka ƙara mata ƙarfi a fuskar ɗan tayin kaza, sai bakinsa ya fito da kauri. Ba a sake ƙera tsuntsun ba, gaɓa ɗaya aka taɓa. Irin wannan tsari ne ke ba jinsi damar sauyawa ba tare da ya lalace ba.

Ni da na koyi Hausa a aji, nan take giredin Parsons suka faɗo mini: saya, sayo, saye, sayar. Saiwa tana nan, ɗafi da karin sauti ke motsi. Wanda ya sha wuyar haddace waɗannan, me zai ba shi tsoro a Bmp4?