Kafin a auna taki, wa ya auna ma'aunin?

1/ A kasuwar Funtua ba ka yarda da tiya sai ka juya ka ga gindinta. To nima haka nake kallon takardar sakamakon gwaji. Zare ne, ku biyo ni.

2/ A cibiyar CERD ta jami'ar Ile-Ife akwai na'urar da ke tunzura ƙwayoyin zarra masu caji da ƙarfin volt miliyan 1.7. Ana harba su kan ɗan ƙasar gona ko taki, kowane sinadari ya fitar da nasa hasken X-ray. Sunan dabarar PIXE. Tana nuna fosfaros, potasiyam, har da gubar dalma irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Naitirojin kam ba ta ganinsa, sai a nemi wata hanya.

3/ Amma fa lissafin duk ya rataya ne kan sanin me aka harba. Ƙwayoyin ba sa fitowa zalla. Ka sa haidirojin, wasu su fito ɗai-ɗai, wasu manne bibbiyu ko uku-uku.

4/ Sai a bi da su ta cikin maganaɗisu: mai nauyi ya lanƙwasa kaɗan, mara nauyi ya lanƙwasa sosai, kamar sheƙar dawa. A gaba kofin Faraday ya ƙirga cajin da ya iso.

5/ Ga inda ake zamewa. Kofin nan caji kawai ya sani, bai san wa ya kawo ba. Hiliyam mai caji biyu da haidirojin manne bibbiyu mai caji ɗaya, in ƙarfin wuta ɗaya ya tura su, kusan hanya ɗaya suke bi a maganaɗisu. Dole a ƙara auna kuzarin kowace ƙwaya. In ba a yi ba, lambar za ta fito tsaf a takarda, kuma ƙarya ce.

6/ Shi ya sa ban yarda da masu cewa kuɗin irin wannan awo ɓarna ba ne. Manomin Malumfashi da ya ci bashi ya sayi NPK, damina ɗaya gare shi.

7/ Mu nan kusa muna da CERT a Zariya, da riyakta NIRR-1 tun 2004, ita da niyutiron take nata gwajin. 'Yan fiziks na ABU da FUDMA, in kun je aikin bincike, ku nemi a nuna muku yadda ake tantance ma'aunin kafin a sa samfur.